Kasuwar Chatuchak ta Bankok: Wurin Sayen Tsaraba

Kasuwar Chatuchak da ke Bankok, babban birnin ƙasar Thailand, tana ci ne Asabar da Lahadi, daga wajen ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na MRT ka sauka a tashar Kamphaeng Phet, kana fitowa ka shiga kasuwa. Yi sammako, domin da rana ta take lungunan kan cika maƙil, ga zafi.

Tsaraba kam sai wadda ka zaɓa: gyale, sabulun ƙamshi, kwanukan ƙoƙon kwakwa, wanduna masu zanen giwa. Sai dai gyale mai arha da ake kira siliki sau da yawa zaren roba ne. Na gaske launinsa kan sauya in ka juya shi a haske, zarensa kuma in an ƙona warin gashi yake yi.

Riƙe tsabar baht, kuɗin ƙasar. Taya cikin fara'a. An fi samun ragi in ka ɗauki uku ko fiye. Abin da ya yi maka saya nan take, rumfunan dubbai ne, gano wadda ka bari aiki ne. In kun rabu da abokan tafiya, ku haɗu a hasumiyar agogo.

Guji kayan hauren giwa, haramun ne fita da su. Mai sarin tufafi kuwa kasuwar Pratunam, ita ma a Bankok, ta fi masa.