Tirenin ɗin da na ɗauko wa yaran wajen bandata, ga yadda ta kaya

Jama'a sallama, mutane da yawa sun yi ta tambayata kan masu tirenin ɗin nan da suka zo wajenmu koya wa yarana tsafta da bandar kifi, wai ko kuɗin ya fita, to bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Ni dai sana'ata bandar tarwaɗa ce a nan Kano, yara bakwai gare ni da mata biyu masu zuba kifi a leda, wani lokacin kuma mukan taɓa karfasa idan ta samu. Abin da ya sa na nemi tirenin shi ne ina so in fara kai kaya manyan shaguna, su kuma ba sa karɓa sai da lambar NAFDAC, kuma kun san ba a zuwa duba maka waje yaranka suna yanka kifi a ƙasa kan buhu.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai inda suka ba ni haushi.

Abin da ya fara burge ni, ba su zo da lakca kai tsaye ba. Mutum biyu suka turo suka yini da mu tun daga shigowar kifi da asuba har aka sauke shi daga wuta, suna kallo suna rubutu, sai daga baya suka kasa yaran gida uku, masu yanka da wanki, masu tsayawa a wuta, da masu ɗaurewa, kowa da nasa darasin. Ni da na ɗauka za a tara su ne a ɗaki ɗaya a yi ta surutu. Har suka tambaye ni ranakun da kasuwa ke sanyi don kada tirenin ya ci ranar aiki, wannan kam sun yi tunani.

To amma ranar farko wallahi asara ce. Sun kawo majigi, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, da aka samu ya tashi kuma hotunan duk na manyan masana'antun jatan lande ne na ƙasashen waje, mutane cikin fararen kaya da injina, ina ruwan mai banda da wannan? Takardun ma da turanci, alhali na faɗa musu tun farko yawancin yarana allo suka yi. Ɗaya daga cikinsu har barci ya yi a bencin baya, ban ma ga laifinsa ba.

Kwana na biyu ne aka yi aikin gaske, da wata baiwar Allah cikinsu ta ɗaura atamfarta ta tsaya gaban murhu. Ta ce da babban yarona, "Malam, kifin nan ya nuna?" ya taɓa da yatsa ya ce ya nuna Hajiya, shekara nawa ina wannan aikin. Sai ta zaro ma'aunin zafi mai tsinke ta soka a wajen kaurin kifin kusa da kai, ai kuwa bai kai ba, ta ce cikinsa sai ya kai digiri 63 na Salshiyas aƙalla, waje ya yi ja ba shi ne nuna ba. Gogan naka ya yi shiru. Ta nuna musu yadda man kifin ke ɗiga kan garwashi yana tayar da baƙin hayaƙin nan da ke manne wa kifi, ta ce shi ne mai illa ga lafiya, shi ya sa sababbin murhu irin FTT da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ɓullo da shi a Senegal suke da faranti mai tare man. Ta kuma ba mu labarin murhun Chorkor na Ghana mai tire hawa-hawa, tun 1969 ake amfani da shi, yana rage cin itace. Batun fesa fiya-fiya a kan busasshen kifi don korar ƙwari kuwa, nan ta ɓata rai sosai, ta ce guba ce kawai ake ba mutane, gara a busar da shi da kyau ya huce sannan a rufe. Yanzu ba mai jefa leda ko katako mai fenti a wutata.

Yauƙin tarwaɗa ma da muke wankewa a ruwa ɗaya tun safe har azahar, yanzu gishiri ne da sauyin ruwa, wuƙa da allon yanka kowa da nasa.

Inda suka gaza kuma, sun yi alkawarin dawowa bayan wata ɗaya su ga ko yara sun riƙe, har yau sai dai waya, satifiket ɗin ma sai da na yi ta bi kamar mai bin bashi. Kuma ba su bar mana tsarin koyar da sabon yaro ba, alhali wannan sana'ar damina na faɗuwa rabin yaranka sun tafi gona, ka ɗauki sababbi ka koma farko. Ni da kaina na sa babban yaron ya zama malaminsu, na saya masa ma'aunin nasa.

Idan za ku ɗauki irinsu ku ce a yi komai da Hausa a gaban murhu, a cire ranar majigi, kuma ku riƙe wani abu cikin kuɗin sai sun dawo dubawa. Ni tauraro uku na ba su cikin biyar, biyu daga ciki na Hajiyar nan ne.