Wane fenti za ka saya idan za a fesa wa get ko tagar ƙarfe?

Ƙarfe ba ya jiran kowa. Damina ɗaya ta ishi sabon get ya fara ja daga gindi, inda ruwa ke kwanciya, da kuma wuraren da aka yi walda. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano neman abin da za a fesa masa, abu uku za a nuna maka: na gwangwani da ake dannawa da yatsa, fentin mota, da fentin mai na galan wanda ake sirkawa da tina (ruwan tsinka fenti) a fesa da gan, wato bindigar feshi.

Ni na ukun nake saya, shi kuma nake ba mutane shawara, amma da sharaɗin a fara shimfiɗa masa red oksaid, jan fentin nan da masu walda ke shafawa. Shi ne ke kama jikin ƙarfe, ya tare danshi da iska, waɗanda haɗuwarsu ke haifar da tsatsa. Fentin sama ado ne da ƙarin kariya. Kafin a kai ga red oksaid ɗin ma, sai an bi ƙarfen da burushin waya da samfefa har ya yi fes, a goge maiƙon da ke jikinsa da tsumma da tina, don fenti ba ya zama a kan maiƙo. A fesa jan, a bar shi ya kwana, sannan a bi da fentin mai sau biyu, siriri-siriri. Mai fesawa ya riƙe gan kamar taƙi ɗaya daga ƙarfen, hannunsa na tafiya ba tsayawa. Da ya tsaya wuri ɗaya za ka ga fenti na zuba kamar hawaye. Galan mai lita 4 yana yin nisa, kuma ranar da yaro ya karce get da keke, ragowar da ka ajiye da ɗan burushi sun gyara wurin. Berger da Dulux da Meyer duk suna da irinsa. Sunan bai dame ni ba kamar inda aka sayo shi.

Na gwangwani kuwa na keke ne da fanka da kujera ɗaya. Mililita 400 ne galibi, kaso mai yawa gas ne da sinadarin sirki, get sai ya cinye katan. Fentin mota yana da ƙyalli, ba musu, amma ga tsada, ga hadina, sinadarin da ke sa shi tauri, wanda in an zuba dole a ƙarar da fentin cikin 'yan awoyi, ga tururinsa mai illa ga huhu wanda takunkumin yadi ba ya tarewa. A bar wa 'yan gareji.

Abu ɗaya: idan ƙarfenka galbanaiz ne, mai ruwan azurfar nan, kada a ɗora masa fentin mai kai tsaye. Ba sa jituwa da zink ɗin da ke jikinsa, ɓawo zai yi ya saluɓe. Akwai firaima, wato fentin shimfiɗa, ta musamman dominsa, ita za ka tambaya.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. An taɓa sayar mini da galan mai sunan babban kamfani, sai da mai fenti ya zura sanda ya ji gindin ya daskare da alli, ruwa-ruwa kawai ke sama. Tsofaffin gwangwanaye ake tsintowa a sake ɗura musu wani abu. Don haka duba bakin murfin: in ka ga lanƙwasa ko alamar an taɓa ɓanɓare shi da sukundireba, ajiye. Ɗaga shi ka ji nauyi, ka sa a buɗe a gabanka a juya. Wanda ya ƙi buɗewa ya riga ya ba ka amsa. Red oksaid na jabu kuwa, shafa kaɗan a guntun ƙarfe ka dawo washegari. Idan ka murza ya bar jan gari a tafin hannunka, kala ce kawai aka dama.

Tina ma ba ta tsira ba, ana haɗa ta da kananzir. Ɗiga kaɗan a farar takarda. Ta gaske za ta bushe nan take ba tabo, mai kananzir za ta bar zoben maiƙo, kuma fentin da aka sirka da ita sai ya yi kwanaki yana danƙo, ƙurar hunturu na manne masa. Haka wasu masu walda ke tsinka red oksaid da fetur har ya zama ruwa, su watsa a kan tsatsa don get ya yi kyau ranar ɗauka. Karce shi da farce a kusurwa kafin ka cika kuɗi.

Kayan ka sayo da kanka, mai fesawa ka biya shi kuɗin aiki kawai. Ka ce ya zo da safe kafin iska ta tashi da kafin rana ta gasa ƙarfen, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, kuma kada kowa ya kunna wuta ko sigari kusa da tina.