VDISK na z/VM a matsayin swap: na gwada, kuma ya burge ni

Mu da muka taso a kan sabar x86 ɗabi'armu ɗaya ce, inji ya fara nauyi a ƙara mai RAM a wuce wajen. To a mainframe na IBM abin ba haka yake ba fa, musamman in z/VM, wato manhajar IBM da ke raba injin zuwa ƙananan injina na ƙarya, ne ke riƙe da Linux masu yawa a inji ɗaya, kowanne yana ganin kamar memorin nashi ne shi kaɗai alhali duk daga tukunya ɗaya ake ɗiba.

Matsalar ita ce Linux baya barin memori a banza, duk abin da ya rage sai ya cika shi da cache na fayiloli, shi kuma z/VM daga waje bai san wanne shafi ne na aiki wanne ne cache ba, 4KB ne kawai yake gani, don haka in wuri ya matse sai ya kwashe su ya kai faifan paging ɗinsa, inda yake ajiye shafukan da ya fitar daga memori. Ka ga kenan ana wahalar da faifai a kan abin da ba a ma buƙata. Mun ga wannan da idonmu a wajen aikinmu, kana buga free -m a cikin Linux komai lafiya lau, amma umarnin q alloc page na z/VM na nuna faifan paging yana ta cika.

Nan ne VDISK ya shigo, kuma gaskiya shi ne abin da ya fi burge ni a z/VM gaba ɗaya. Faifai ne na ƙarya da ke zaune cikin memorin z/VM, Linux na ganinsa kamar faifan FBA, wato irin mai bulok 512 byte, sai ka yi mai mkswap ka kunna ya zama swap, wato wurin da Linux ke kwashe shafuka in memorinsa ya matse. Daɗin abin shi ne kusan baya cin komai sai an fara rubutu a kai. Bulok 524288 shi ne 256MB, da shi muka fara, muka matse memorin kowane Linux har sai da ya ɗan fara taɓa swap kaɗan-kaɗan, sannan muka sa swap na biyu a kan DASD, wato faifan gaske na mainframe, da priority ƙasa da na farko, wato swapon -p 10 wa VDISK, 5 wa ɗayan. Wallahi ranar da na zauna ina kallon si da so (shiga da fitar swap) a vmstat suna motsi amma masu aiki ba wanda ya kira ya ce abu ya yi nauyi, nan na yarda da shi. Kuma na biyun ya zama mana ƙararrawa, da mun ga an fara rubutu a kansa mun san wannan Linux ɗin da gaske yana son ƙarin memori.

Sai dai a kula, VDISK baya tsira in an yi logoff, dole a sake shirya shi duk tashi, mu da wani ɗan shiri mai suna SWAPGEN muke yi a cikin PROFILE EXEC, wato fayil ɗin umarnin da ke fara gudana in an yi logon, kafin Linux ya tashi. Sannan kar a ce tunda yana da sauri bari a yi shi ƙato, in ya cika ai memorin z/VM ɗin yake ci, an koma gidan jiya. Yanzu haka akwai Linux guda biyu masu ɗauke da Java da nake son rage musu memori a sati mai zuwa, heap ɗinsu, wato memorin da Java ke ware wa kansa, nake fara dubawa tukuna.