Na gwada 2442: saƙonnin talla sun tsaya, masu kira ba su daina ba

Wata uku ke nan da na tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware tun 2016 don mai waya ya hana a dame shi da talla. Ba a cire mini ko sisi ba. Kafin nan wayata ba ta hutawa da tallan waƙar kira da hasashen ƙwallo, wani saƙon ma sai ya tashe ni da tsakar dare. Bayan kwana biyu shiru kake ji. A nan kam sai sam barka.

Kira ne ya gagara. Na taɓa sauke manhajar wani kamfanin bashi na sa lambata, ban karɓi ko kwabo ba na goge ta. Tun daga ranar suka liƙe mini kamar kaska. Ina shago a Kantin Kwari, almakashi a hannu ina yanka wa wata hajiya shadda yadi biyar, sai wata yarinya ta kira: "Alhaji, an amince maka da bashi." Na ce, "'Yata, don Allah ki cire lambata." Ta ce, "To Baba, an cire." Washegari wani saurayi ya bugo da wata lamba, magana ɗaya kamar hadda. Ban ga laifin yaran ba, su ma abinci suke nema, lambobi aka zuba musu a gaba.

Daga baya na gane cewa 2442 tana tare tallan da ke bi ta hannun kamfanin layi ne. Wanda ya kira da layi irin nawa da naka, kamfanin ba ya bambance shi da ƙanina.

Na toshe lambobi har na gaji. Manhajar tantance masu kira ta Truecaller ta ɗan taimaka, tana nuna ja idan mutane da yawa sun yi ƙorafi kan lamba, sai dai ban ji daɗin yadda take neman leƙa lambobin da ke wayata ba.

Abin da ya fi tasiri shi ne imel da ɗana ya rubuta wa kamfanin bashin, ya ambaci dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba mutum ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Ba su ba da amsa ba, amma kiran ya koma jefi-jefi. Na ƙarshe ranar Talata ne, ina alwalar la'asar, na bar shi ya yi ta ringi.