Allon samfur na hannu ko na kwamfuta?

'Yar'uwa, kin tambayi wanne ya fi a aikin ƙawata ɗaki. Tsakanin allon da ake liƙa wa ainihin samfurin kaya da wanda ake haɗawa a manhajar zane ta Canva a nuna wa mai gida a waya, ki ɗauki na hannu. Na kwamfuta ki riƙe shi a matsayin ɗan rakiya.

Fuskar waya haske take fitarwa, ja da kore da shuɗi take gaurayawa ta ba ki launi. Fenti a bango kuwa hasken ɗakin yake karɓa ya mayar wa ido. Shi ya sa ruwan tokar da kika zaɓa a kwamfutarki zai karkata shuɗi a wayar mai gida, a wayar matarsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, kuma kowannensu zai rantse abin da ya gani shi kika yi masa alkawari. Bugawa a takarda ma ba ta raba gardama. Akwai firintar launi da na saya musamman domin wannan, tana can kusurwa ƙura ta rufe ta, don ba ta taɓa fitar mini da kore mai duhu yadda yake ba.

Abin da nake alfahari da shi a cikin kayan aikina wani faffaɗan tire ne na katako, an shimfiɗa masa ƙyalle mai ruwan toka. Na taɓa kai wa wani dattijo da uwargidansa tsarin falonsu. Na gama nuna hotuna a kwamfuta, dattijon nan bai ce uffan ba, sai gyaɗa kai irin na kara. Da na ajiye tiren a gabansu sai zaman ya sauya. Uwargida ta ɗauki yankin karan-miskin kujera ta shafa shi sama, ta shafa ƙasa, ta ga yadda yake duhu idan gashinsa ya kwanta wancan gefen, ta ce, "Ashe launi biyu ne da shi." Shi kuma ya ɗaga guntun tayil ya nufi taga da shi, ya dawo ya kunna fitilar falon ya sake dubawa. A ƙarƙashin ƙwan nasu mai ɗumi, farin tayil ɗin ya koma ruwan madara, labulen da yake zaune daram da shi a hasken rana ya fita daban. Da hannunsa ya zare labulen ya sa wani daga cikin na ajiya, ya ce, "Wannan ne." Daga ranar ba a sake ɗaga maganar launi ba har aka gama aiki.

Wannan sauyawar ba laifin ido ba ce. Abu biyu suna iya dacewa a wani haske su saɓa a wani, domin sinadarin launinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwan fitila mai 2700K (K ma'aunin launin hasken ƙwai ne) yana ƙara wa komai rawaya, mai 4000K tsaka-tsaki ne, mai 6500K kuma yana ja zuwa shuɗi. Saboda haka kafin ki liƙa komai ki tambayi irin ƙwan da za a sa a ɗakin, in da hali ki tafi da irinsa a jaka. Wanda CRI ɗinsa, wato ma'aunin yadda ƙwai ke fito da launi, ya kai 90 ya fi nuna launi da gaskiya.

Zaman farko ki kai samfurin a sake cikin tire, kada ki sa gam, domin mutum ya fi sakin jiki ya faɗi ra'ayinsa idan ya ga abu yana ɗaguwa. Sai an daidaita za ki liƙa a allon soso mai kaurin milimita 5. Girman A3 ya ishi ɗaki guda, falon da ya haɗa da wurin cin abinci kuwa sai A2. Ki jera su yadda suke a ɗaki: tayil ko kafet a ƙasa, fentin bango da labule da yadin kujera a tsakiya, silin a sama. Inda sababbin shiga suke tuntuɓe shi ne girman yanka. Sai ki ga fentin bango ɗan ƙiris, yadin matashin kujera kuma ya cinye rabin allo, mai gida ya tsorata da jan da a zahiri matashi biyu ne kacal. Ki bi kason nan na 60 da 30 da 10: babban launi ya mamaye allon, na biyu ya bi masa, na ƙawa ya zama ɗan tsito. Ba doka ba ce, amma tana tsare mutum.

Fenti kada ki yanko shi daga kasidar kamfani. Ki sayi ƙaramin gwangwani, ki shafa wa kwali mai girman A4 sau biyu, ya bushe sarai, kuma da irin sheƙin da za a yi amfani da shi, don launi ɗaya a fenti mai sheƙi da marar sheƙi ba ya fitowa iri ɗaya. Yadi ki yanke shi da almakashi mai haƙora don kada bakinsa ya zare, na labule ki ɗan tattara shi a ga yadda zai zuba. Ƙarfe da hannun ƙofa ki kawo na gaske ko da guda ɗaya ne. A gefen kowane samfur ki rubuta kamfani da lamba da inda zai shiga. Kalmar "fari" kaɗai ba ta isa ba: a tsarin lambobin launin fenti na RAL, RAL 9010 yana da ɗan ɗumi, RAL 9016 ya fi shi haske da tsabta, kuma mai fenti ba zai san wanda ke ranki ba sai kin rubuta.

Na kwamfuta, to, ba zan ce ba shi da rana ba. Yana da sauri, yana nuna siffar kujera da fitila, kuma idan mai gida yana nesa, da shi za ku fara fahimtar juna. Iyakarsa ke nan. Hotunan dandalin Pinterest na intanet yawancinsu an gyara musu haske, don haka ki rubuta a ƙasan kowane shafi cewa launin ƙarshe sai an ga samfur.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu sayar da kaya. Akwai mai ba ki samfurin tayil zaɓaɓɓe, ranar kawo kaya ya cusa miki kwalaye daga rukuni daban-daban, sai an shimfiɗa ki ga daɓe ya yi dabbare-dabbare. Ki duba lambar rukuni a jikin kowane kwali, haka ma a naɗin takardar bango, kuma ki sayi abin da zai isa har da rara a lokaci guda. Akwai mai kiran leda mai zanen katako da sunan katako, ki juya gefenta ki duba. Yadin kujera ki nemi lambar gwajin Martindale, wato gwajin jurewar yadi ga gogayya, a rubuce. Na zaman gida na yau da kullum kada ya gaza 20,000, na otal ko ofis ya haura 30,000. Idan ya fara kame-kame, ki wuce. Littafin launi na RAL K7 ma ana jabunsa a intanet, an buga shi da tawada maimakon fenti, ki saya wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Idan an amince da allo, ki yi guda biyu iri ɗaya. Mai gida ya sa hannu da kwanan wata a bayan duka biyun, ɗaya ya zauna wurin aiki don mai fenti da mai ɗinkin labule, ɗaya kuma ki ajiye a cikin jaka inda rana ba za ta koɗar da shi ba.