Meson wajen gwaji da auna manhaja: ya burge ni, amma da saura

Gaskiya Meson, tsarin gina manhaja daga rubutunta, ya ba ni mamaki a kan rahoton layukan manhaja da gwaji ya taɓa. A Makefile, fayil ɗin umarnin gini na make, sai ka sa `--coverage` wajen harhaɗawa da kuma wajen haɗa fayiloli, ka rubuta dokar gcov, mai ƙirga layukan da aka bi, da hannunka. A nan `meson setup cov -Db_coverage=true` kawai, sai `meson test -C cov`, sai `ninja -C cov coverage-html`. Muddin akwai gcovr ko lcov, masu tsara rahoton, a kwamfutar, rahoto zai fito a `meson-logs/coveragereport`. Tun da kowane gini da foldarsa, na gwaji ba ya gurɓata na fitarwa. Wannan kam madalla.

Inda raina ya ɓaci shi ne wa'adin daƙiƙa 30 da yake ba kowane gwaji. Manhajar da aka cusa wa ma'auni tana tafiyar hawainiya, balle an ɗora `--wrapper valgrind` a kai, wato a gudanar da ita a ƙarƙashin valgrind mai binciken kurakurai. Gwajin da ya wuce wa'adi kashe shi ake yi, alhali GCC, mai harhaɗa manhajar, ba ya rubuta fayilolin ƙidaya na `.gcda` sai manhaja ta fita lami lafiya. Sai ka ga sifili a kan fayil ɗin da ka tabbata an bi ta cikinsa, rahoton kuma bai ce uffan ba a kan dalili. Maganinsa `-t 5` domin ninka wa'adin, ko ka sa `timeout` a cikin `test()`. Sifilin nan za ka gani kuma idan manhaja ta fita da `_exit`. Kuma umarnin `coverage-html` ba ya gudanar da gwaji da kansa, tsofaffin `.gcda` yake karantawa, waɗanda ƙidayarsu ke taruwa daga gudu zuwa gudu. Share su tukuna.

Batun auna inda lokaci ke tafiya kuwa, babu maɓalli ɗaya. Zaɓin `b_pgo` na Meson na inganta gudu ne, ba na bincike ba. Mai son gprof, manhajar auna lokaci, sai ya sa `-pg` a `c_args` da `c_link_args` duka biyu, ya je neman fayil ɗin sakamako `gmon.out` a foldar da manhajar ta gudana. Ni dai na fi ganin amfanin foldar `debugoptimized` da `-fno-omit-frame-pointer` tare da perf, ma'aunin lokaci na Linux. Kada a auna gudu a foldar `cov`, ƙididdigarta ba ta nuna gaskiyar lokaci.