Casillero del Diablo Carménère: kwalbar da ta fi kuɗinta

Ƙanwata ce ta kawo min kwalbar nan ranar da ta zo duba ni. Ta ajiye ta kan tebur ta ce, "Yaya, ɗanɗana wannan. Ba shi da tsada, amma za ki ba ni labari." Jan ruwan inabi ne na kamfanin Concha y Toro da ke ƙasar Chile, wanda aka yi da inabin da ake kira Carménère.

Kofin farko bai burge ni ba, kuma gaggawata ce ta jawo. Kwalbar ta wuni a ɗaki mai ɗumi, ni kuwa ina cire murfi na tsiyaya. Ƙarfin barasar ne ya fara dukan hancina, sai wani ƙamshi kamar an yanka ɗanyen koren tattasai. Na kusa yanke masa hukunci a nan. Sai na sa kwalbar a firij na minti 20, na fito da ita na bar ta a buɗe ta sha iska rabin awa. Irin wannan ruwan inabi ya fi son sanyi kaɗan, wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius.

Da na sake zubawa, kamar an canja min kwalba. Na ɗaga kofin saitin fitila: ja ne mai duhu sosai, bakinsa na ɗan shuni, kuma in na juya shi sai ya riƙa gangarowa a jikin gilashin a hankali. Koren tattasan nan bai tafi ba, ya dai ja baya ya ba sauran wuri. Na ji zabibi, na ji masoro, can ƙasa kuma akwai wani abu mai kama da baƙin cakulan da gasasshen kofi. A baki yana da laushi. Baurin da ke kama dasashi a wasu jajayen ruwan inabi, har mutum ya ji harshensa ya bushe, a nan kaɗan ne, yana zuwa ya wuce ba tare da ya takura ba. Abin da ya fi min daɗi shi ne ɗan yajin da yake bari a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Ƙamshin tattasan nan halin inabin ne. Carménère yana jinkirin nuna, shi ya sa a Chile ake barinsa har wajen watan Mayu kafin a tsinke, in aka yi saurin girbi kuwa ɗanyantakar ta yi yawa. Asalinsa ma ba ɗan Chile ba ne, daga yankin Bordeaux na Faransa yake. Wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya cinye gonakin inabin Turai a ƙarni na 19, har aka ɗauka irin ya kusa ɓacewa. Ashe an riga an kai dashensa Chile, inda ƙwaron bai isa ba, manoma suna ta nomansa shekara da shekaru suna zaton wani irin inabi ne da ake kira Merlot. Sai a 1994 wani masanin inabi Bafaranshe, Jean-Michel Boursiquot, ya dube shi a gona ya gane ko wane ne. Ina kurɓa ina tuna wannan labari, raina na min daɗi, don abin da aka fid da rai da shi ne ga shi a kofina.

Ba zan ce ya kai manyan kwalaben da ake ajiyewa shekara goma ba. Ɗanɗanonsa ba ya daɗewa can a baki, kuma ba na ajiya ba ne, na sha ne tun yana sabo. Amma na taɓa sayen wanda ya ninka shi kuɗi ban ji rabin wannan daɗin ba.

Kofi biyu muka sha ni da ƙanwata muna hira, na mayar da murfi na sa sauran a firij. Washegari da yamma na tarar ya ƙara laushi, cakulan ɗin ya ƙara fitowa. A rana ta uku ya fara lafawa, don haka kada a bar shi ya wuce kwana biyu da buɗewa. Na riga na ce mata in za ta sake zuwa ta taho da biyu.